Harajin gidaje a Funtuwa da Malumfashi: Waɗanda doka ke ɗauke wa da waɗanda ke iya samun rangwame

Duk lokacin da ma'aikatan tara kuɗin shiga suka fito raba takardun neman biyan harajin gidaje, tambaya ɗaya ce ke zagaya majalisu da bakin shaguna: wane ne doka ta ɗauke wa? Wani zai ce ɗan fansho ba ya biya. Wani ya ce gidan marayu ba a taɓa shi. Ma'aikacin gwamnati kuwa yakan kafa hujja da cewa ana cire masa haraji daga albashi kowane wata. Wasu daga cikin waɗannan maganganu suna da tushe a dokar wata jiha, wasu ragowar zamanin haraji da jangali ne, wasu kuma ji-ta-ji-ta ce kawai.

Ƙa'idar da ta kamata a riƙe guda biyu ce. Ta farko, a tsarin dokokin Najeriya, yafe harajin gida ya fi dogara a kan abin da ake yi da ginin fiye da matsayin wanda ya mallake shi. Ta biyu, babu yafewa ko rangwamen da zai tsaya a gaban hukuma ko kotu sai wanda aka rubuta a dokar jiha ko dokar ƙaramar hukuma. Wanda bai san wannan ba yakan faɗa ɗayan ramuka biyu: ko ya biya abin da ba a bin sa, ko ya ƙi biyan abin da ke kansa har bashi da tara su taru.

Tushen harajin a Kundin Tsarin Mulki

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙananan hukumomi. A cikinsu akwai ƙiyasta gidaje da gine-ginen da mutane suka mallaka domin ɗora musu harajin da Majalisar Dokokin Jiha ta ƙayyade. Wannan jimla ta raba aiki gida biyu. Ƙaramar hukuma, ta Funtuwa ce ko ta Malumfashi, ita ke da alhakin kimanta gini da karɓar kuɗi. Majalisar Dokokin Jihar Katsina kuwa ita ke shimfiɗa dokar da ta faɗi ma'aunin haraji, wanda zai biya, da wanda aka keɓe.

Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan rabo a 1998, a shari'ar kamfanin Knight Frank da Antoni Janar na Jihar Kano. Gwamnatin Kano ta ba kamfanin kwangilar kimanta gidaje domin harajin gidaje, daga bisani saɓani ya kai su kotu. Kotun ta yanke cewa gwamnatin jiha ba ta da hurumin ƙulla wannan kwangila tun farko, domin aikin na ƙananan hukumomi ne. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, kan 'yancin kuɗaɗen ƙananan hukumomi 774 ya shafi kason da suke samu daga asusun tarayya. Bai ba shugaban ƙaramar hukuma ikon ƙirƙiro haraji ko sauya ma'auninsa ba tare da dokar majalisar jiha ba.

Akwai kuma dokar tarayya ta 1998 da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa. Ta sanya harajin gidaje a kason ƙaramar hukuma, tare da na shaguna da kes-kes, na mahauta, na tashoshin mota da jangali. Ta kuma haramta tare hanya domin karɓar haraji. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soki wannan doka saboda ta ɗora kanta a sama da Kundin Tsarin Mulki, don haka madogarar da ba ta girgiza ita ce Jadawali na Huɗu.

Kundin ya ƙara da wata kariya a Jadawali na Biyu: dole dokar jiha ta tabbatar cewa ƙananan hukumomi biyu ba su karɓi haraji ɗaya a kan mutum ɗaya saboda abu ɗaya ba. Wannan yana da amfani ga masu gidaje a sababbin unguwannin da gari ya miƙe zuwa kan iyaka, kamar tsakanin Funtuwa da Bakori ko tsakanin Malumfashi da Ƙafur. Gida ɗaya, ƙaramar hukuma ɗaya.

Kuɗaɗe huɗu da ake cakuɗawa

Yawancin gardama kan yafewa tana tasowa ne saboda an haɗa kuɗaɗe daban-daban da suna ɗaya.

Na farko shi ne harajin gidaje, wanda ake ɗorawa a kan gini, ake biyan ƙaramar hukuma shekara-shekara.

Na biyu kuɗin ƙasa ne, wato hayar da mai takardar mallakar fili, wadda jama'a ke kira C of O, yake biyan gwamnatin jiha a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Wannan yana bin fili ne ko da ba a aza bulo ko ɗaya ba.

Na uku kuɗin shago ne da na rajistar wurin kasuwanci, waɗanda ake biya saboda sana'ar da ake yi a wurin.

Na huɗu harajin kuɗin shiga ne. Shi ake cirewa daga albashin ma'aikaci, shi kuma ake bin mai gidan haya a kan kuɗin hayar da ya karɓa. Hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ce ke karɓar sa daga ɗaiɗaikun mutane.

Kowanne yana da dokarsa da jerin waɗanda ya keɓe. Yafewa a ɗaya ba ta ƙetarawa zuwa ɗayan. Ma'aikacin da ake cire wa haraji a albashi ya sauke na huɗu ne kawai. Idan yana da gida, na farko yana nan a kansa. Haka ɗan kasuwar da ya biya kuɗin shago bai biya na ginin ba, sai fa in dokar wurin ta haɗe su a takarda ɗaya.

Inda tunanin "an yafe wa wane" ya samo asali

Harajin da iyaye da kakanni suka sani a ƙasar Katsina a kan mutum yake. Bayan Turawa sun kafa tsarin harajin En'e, tun daga dokar Lugard ta 1906, ana ƙidaya magidanta ta hannun mai unguwa da dagaci, kuɗi su bi ta wurin hakimi zuwa Baitulmali. A Funtuwa hakimin shi ne Sarkin Maska, a Malumfashi kuwa Galadiman Katsina. Tunda a kan ƙarfin mutum ake ɗora shi, yafewar ma halin mutum take bi: tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, makaho, kuturu da gurgu akan cire su daga lissafi, kuma shaidar mai unguwa ta wadatar.

A watan Oktoban 1979 Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. A lokacin Funtuwa da Malumfashi suna cikin Jihar Kaduna, domin sai ranar 23 ga Satumba, 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Daga nan ne abubuwa biyu suka zauna a zukatan mutane: cewa tsufa da nakasa suna ɗauke haraji, da cewa an riga an soke harajin talaka. Dukansu gaskiya ne a kan harajin kai. Harajin gidaje kuwa daga tsarin ƙananan hukumomin Ingila aka kwafo shi, kuma garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 ya shimfiɗa shi a ƙasa baki ɗaya. Shi gini yake kallo.

Gine-ginen da dokoki suka saba keɓewa

Jihohi sun bambanta a ƙananan abubuwa, amma jerin gine-ginen da ake ɗauke wa harajin kusan iri ɗaya ne a ko'ina, saboda daga tushe ɗaya aka ɗebo su.

Wuraren ibada: masallaci ko coci da al'umma ko ƙungiyar addini ta mallaka, ake amfani da shi domin ibada ko karatun addini kaɗai.

Maƙabartu na jama'a.

Makarantun da ba na neman riba ba, waɗanda hukuma ta yi wa rajista ta kuma shaida cewa ba kasuwanci suke yi ba.

Ɗakunan karatu na jama'a, da gine-ginen ayyukan jinƙai kamar gidajen marayu, inda doka ta ambace su.

Fadojin sarakunan da gwamnati ta amince da su.

Duk ginin da gwamna ya keɓe da sanarwa a gazet ɗin jiha.

Gine-ginen gwamnati suna da nasu matsayin. Lafazin Kundin Tsarin Mulki ya ambaci gidajen da mutane suka mallaka ne, saboda haka asibitin gwamnati, sakatariya ko makarantar gwamnati ba su shiga wannan sahu. Amma da zarar gwamnati ta sayar wa ma'aikaci gidan kwatas ya zama nasa, ya fita daga wannan inuwa, ya koma gida kamar kowane.

Yadda ake rasa yafewa

Kalmar da ta fi nauyi a wannan jeri ita ce "kaɗai". Masallacin Juma'a da aka gina wa jerin shaguna a jikin katanga domin a sami kuɗin wuta da gyara, harabar salla tana cikin yafewa, shagunan kuwa gine-ginen kasuwanci ne ko da kuɗin hayarsu masallacin yake komawa. Islamiyyar da al'umma ta gina, yara ke karatu kyauta ko da ɗan abin taimakon malamai, tana da hujjar neman yafewa. Makarantar kuɗi da mutum ya buɗe domin riba ba ta da ita, ko da sunanta na addini ne. Zauren da malami ke karantar da almajirai a gidansa bai mayar da dukkan gidan makaranta ba.

Haka abin yake ga waƙafi. Gidan da aka yi waƙafinsa domin marayu su zauna a ciki daban yake da gidan waƙafin da aka ba 'yan haya. Na biyun gidan haya ne a idon mai ƙiyasi, sai dai in doka ta keɓe shi da suna. Fadar hakimi ma ba ta jawo gidajen hayarsa da shagunansa cikin yafewa.

Dokar Legas, wadda ta fi fayyace wannan batu, ta ce yafewa tana faɗuwa idan aka sauya amfanin ginin ko ya koma hannun wanda bai cancanta ba, kuma ta wajabta wa mai shi ya sanar da hukuma. Wanda ya yi shiru yana iya tarar da bashin shekarun baya yana jiran sa.

Gona, rumbu da sito

Shiyyar Funtuwa, mai ƙananan hukumomi 11 da suka haɗa da Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Faskari, Sabuwa, Ƙafur, Ƙanƙara, Musawa da Matazu, ƙasar noma ce: masara, dawa, waken soya, shinkafa da auduga. Layin dogon Zariya zuwa Ƙauran Namoda, injinan gurzar auduga, da shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa tun 1975, su suka mayar da garin matattarar amfanin gona. Don haka tambayar gona da ma'ajiyar hatsi ta fi kowace muhimmanci a nan.

Dokokin jihohi da dama sun fassara abin da ake ɗora wa harajin gidaje da cewa fili ne mai gini a kai, suka cire filin da babu gini. A irin wannan fassara gona ba ta shiga, haka fegin da ba a gina ba. Abin da ke iya hawa kan gona shi ne kuɗin takardar mallaka. Sashe na 6 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a wajen birni, har hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo ba tare da neman yardar gwamna ba. Sashe na 36 kuma ya amince wa wanda yake noma gonarsa tun kafin ranar 29 ga Maris, 1978 ya ci gaba da riƙe ta kamar mai izini.

Rumbun da manomi ya gina a cikin gida domin abincin iyali ɓangare ne na gidan zama. Siton bulo da kwano da ɗan kasuwa ya gina a bakin titi, yana tara ɗaruruwan buhuna ko yana ba da shi haya ga masu sayen hatsi daga kasuwannin Ɗandume da Bakori, ginin kasuwanci ne. Cewa abin da ke ciki amfanin gona ne bai mayar da shi gona ba. Haka injin casar shinkafa da gidan kaji na kasuwanci, sai inda doka ko wata sanarwar ƙarfafa masu zuba jari ta ba su sassauci a rubuce.

'Yan fansho, tsofaffi, zawarawa da masu nakasa

Babu dokar tarayya da ta ɗauke harajin gidaje daga ɗan fansho, tsoho, matar da mijinta ya rasu ko maraya a ƙasa baki ɗaya. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta yi magana ne a kan shiga gine-ginen jama'a, ilimi, lafiya da kaso 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ba ta taɓa harajin gida ba. Irin wannan sassauci jiha ce ke bayar da shi, kuma ƙarfinsa yana ƙarewa a iyakar jihar.

Maganar "ɗan fansho ba ya biya" daga Legas ta fito. A 2001 jihar ta haɗe harajin gidaje da kuɗin ƙasa da kuɗin raya unguwa a takarda ɗaya. Dokar 2018, wadda ta jawo ƙorafi mai yawa, ta taƙaita yafewar ga 'yan fanshon gwamnatin jihar. Dokar 2020 ta faɗaɗa ta zuwa waɗanda suka yi ritaya daga gwamnati ko kamfani, da wanda ya kai shekara 60 ya daina aikin neman kuɗi. Ko a can sharaɗin shi ne ya mallaki gidan kuma yana zaune a ciki. Gidan da ya ba haya ana biya. Ɗan fanshon da ke Malumfashi ba zai kafa hujja da dokar Legas ba. Hujjarsa ita ce abin da ke rubuce a dokar Jihar Katsina da ta ƙaramar hukumarsa.

Akwai wata ƙofa ta biyu da ta cancanci a bincika: ikon hukuma na rage ko yafe haraji saboda talaucin wanda ake bi. Wannan sharaɗi yana cikin dokar Ingila ta 1925, kuma ya bi Turawa zuwa ƙasashen da suka mulka. Dokar ƙananan hukumomin Ghana ta 2016, wadda Hausawan zangon Kumasi da Accra ke ƙarƙashinta, tana ɗauke da shi har yau. Inda irin wannan sharaɗi yake, sassaucin ba haƙƙi ne da ke zuwa da kansa ba. Sai an nema a rubuce, an kawo shaida, majalisar ƙaramar hukuma ta amince. Nan ne wasiƙar mai unguwa da ta hakimi ke da nauyi, a matsayin shaida a kan halin mai nema, ko da yake ba su ne ke yanke hukunci ba.

A Ingila kanta, harajin gidajen da aka fara a 1993 yana rage kaso 25 cikin 100 ga baligin da ke zaune shi kaɗai, yana kuma yafe wa gidan da ɗalibai zalla ke ciki. Masu 'yan'uwa a can sukan ji wannan labari, amma tsari ne da ke ƙidaya mazauna gida, wanda dokokin Najeriya ba su bi ba.

Gidan da aka ƙaurace wa

Hare-haren 'yan bindiga a Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara sun tilasta wa iyalai da yawa barin gidajensu, wasu suka koma Funtuwa da sauran garuruwa. Wannan ya haifar da tambayoyi biyu.

Ta farko: gidan da aka bari babu kowa, ana bin sa haraji? Asalin tsarin ya ɗora harajin ne a kan wanda ke zaune a gini yana amfana da shi. Inda doka ta riƙe wannan, gidan da babu mazauni yana da hujja mai ƙarfi. Inda ta ɗora shi a kan mai mallaka, bashin yana ci gaba da hawa sai an nemi sassauci. A kowane hali, abin da ke kare mai gida shi ne sanar da ƙaramar hukuma a rubuce tun wuri, da ranar da aka tashi, da shaidar dagaci. Gidan da aka ƙone ko ya rushe kuwa darajarsa ta faɗi, kuma mai shi yana da dalilin neman a sake ƙiyasi ko a cire shi daga jeri.

Ta biyu: wanda ya sauki 'yan gudun hijira kyauta a gidansa fa? Gidan bai zama gidan haya ba tunda ba a karɓar kuɗi, don haka bai kamata a kimanta shi da ma'aunin kasuwanci ba. Amma bai zama gidan jinƙai mai rajista ba, saboda haka harajin gidan zama yana nan.

Mai gida, ɗan haya da gidan gado

Doka ce ke faɗin wanda hukuma za ta bi, mai gida ko mazauni. Yarjejeniyar haya kuma ita ke faɗin wanda zai ɗauki nauyin a tsakaninsu. Ɗan hayar da ya biya domin kada a rufe masa shago ya kamata ya riƙe rasit, ya kuma tabbatar tun ranar ƙulla haya an rubuta ko za a cire kuɗin daga haya. Mai gidan da ya cancanci sassauci saboda halinsa ba ya miƙa shi ga ɗan haya.

Gidan gado da ba a raba ba yana biyan haraji ɗaya, ba a ninka shi da yawan magada. Rasuwar mai gida ba ta goge bashin baya. Yana cikin basussukan da ake fitarwa kafin rabo. Idan marigayin yana da sassauci saboda shekarunsa ko ritayarsa, sassaucin ya tafi tare da shi, sai magada su nemi nasu idan sun cancanta.

Rangwame a kuɗin ƙasa

Sashe na 17 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna ikon ba da izinin mallaka ba tare da kuɗin ƙasa ba, ko da ragi, idan ya gamsu cewa hakan maslahar jama'a ce. Ta wannan ƙofa ce makarantun al'umma, asibitocin jinƙai da wuraren ibada ke iya neman sauƙi. Buƙatar ana kai ta ga gwamnatin jiha ta hannun hukumomin filaye, ciki har da KATGIS mai taskance bayanan filayen jihar. Ƙaramar hukuma ba ta da hannu a ciki. Sakaci a nan ya fi haɗari, domin Sashe na 28 ya ba gwamna damar soke izinin mallaka idan aka saɓa sharuɗɗan takardar, kuma biyan kuɗin ƙasa yana cikinsu.

Sabon sauƙi ga 'yan haya

Ranar 26 ga Yuni, 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan dokokin haraji huɗu, waɗanda biyu daga cikinsu suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Ba su soke harajin gidaje ba, domin dokar majalisa ba ta goge abin da ke cikin Kundin Tsarin Mulki. Amma sun kawo sauƙin da ya shafi gida ta ɓangaren harajin kuɗin shiga. Naira 800,000 ta farko a kuɗin shigar mutum na shekara ba ta da haraji. Ɗan haya kuma yana iya cire kaso 20 cikin 100 na hayar da ya biya a shekara, iyaka Naira 500,000, daga kuɗin da za a ɗora wa haraji.

Misali, ma'aikacin da ke biyan hayar Naira 600,000 zai cire Naira 120,000. Idan albashinsa yana matakin kaso 15 cikin 100, harajinsa ya ragu da Naira 18,000 a shekara. Sai ya bayyana hayar da shaidarta kafin ya samu. Wanda ke zaune a gidan kansa ba ya cikin wannan, sai dai kuɗin ruwan bashin gina gidan da yake zaune a ciki yana cikin abin da ake cirewa.

Matakan neman yafewa ko ragi

Na ɗaya, a karanta takardar neman biya. Ya kamata ta nuna sunan hukuma, sunan harajin, shekarar, adireshin gini, adadin kuɗi da asusun gwamnati da za a biya.

Na biyu, a nemi ganin dokar da aka dogara da ita da jadawalin kuɗin. A 2018 shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda ya fara da Dala miliyan 750, ya ɗaura tallafinsa a kan jihohi su tattara dokokin kuɗin shigarsu da na ƙananan hukumominsu wuri ɗaya su wallafa, su kuma sabunta rajistar gidajen birane. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata.

Na uku, a tantance hujja. Ko ginin yana cikin waɗanda aka keɓe, ko an sanya shi a rukunin da ba nasa ba, kamar gidan zama da aka rubuta a matsayin na kasuwanci saboda shago ɗaya a ƙofa, ko an yi masa ƙiyasin da ya wuce darajarsa, ko kuma mai shi ba shi da halin biya. Kowace hujja da irin shaidarta: takardar rajistar makaranta ko ƙungiya, takardar mallaka ko ta ciniki, hotunan gini, takardar ritaya, wasiƙar mai unguwa.

Na huɗu, a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma ta hannun ma'aji ko sashen kuɗin shiga, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Dokokin haraji suna ƙayyade wa'adin ƙorafi, kuma yakan zama gajere. Wanda ya bari ya wuce, ƙiyasin yakan tabbata a kansa ko da yana da gaskiya.

Na biyar, idan saɓanin a kan adadi ne kawai, a biya ɓangaren da ba a jayayya a kai ta asusun gwamnati, a karɓi rasit na hukuma.

Na shida, idan ba a sami amsa ba, akwai Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a mai ofis a kowace jiha, akwai kuma kotu. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya tabbatar wa kowa haƙƙin a saurare shi.

Abin da ya fi cutar da masu gidaje shi ne rangwamen baki, inda mai karɓa zai ce a kawo rabi a hannu a bar zancen. Wannan kuɗi ba ya shiga littafin hukuma, bashin yana nan cikakke, kuma yakan fito ranar da za a sayar da gidan, ko a ba da shi jingina a banki, ko a raba gado. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yafewar da doka ta sani tana zuwa ne a takarda mai hatimi, da sunan ginin, da sashen dokar da aka dogara da shi, da shekarar da ta shafa. Mai gida ya adana ta tare da takardun filinsa, ya kuma sabunta ta duk lokacin da amfanin ginin ko mai shi ya sauya.